Inda Malam Nata'ala Ya Kafa Kyamara

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowa a Ƙanƙara ya nuna iyakar hankalinsa. Hedimasta ya sayo firij mai aiki da lantarki, ga shi garin ko turken waya babu, sai ya riƙa ajiye takalmansa na zuwa Juma'a a ciki. Malamin asibiti ya ɗaura agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, kuma bai fasa makara ba. Shi kuwa Malam Nata'ala, malamin gona, kyamara ya sayo daga Zariya, haɗe da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, don ya ɗauki hoton jirgin ƙasa.

Ƙanƙara ba ta da layin dogo. Wanda yake son ganin jirgi sai ya gangara ƙasar Faskari, inda layin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa daji ya nufi Gusau. Can Malam Nata'ala yake tafiya a kan babur kowace Asabar. Tun yana koyon aikin gona a Zariya ciwon son jirgi ya kama shi. Yana da ɗan littafi da yake rubuta lambar kowane kan jirgi da ya gani, da rana, da wuri. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa neman ya gani.

Ranar da ya kwance kyamarar a tsakar gida, matarsa Hajaratu ta tsaya da muciya a hannu ta ƙare mata kallo.

"To Malam, in ka ɗauki hoton nashi, jirgin ne za ya zo ya amsa, ko aika mashi za ka yi?"

"Ba za ki gane ba, Hajaratu. Akwai wani tsohon kai baƙi mai cin kwal. Masu dizal sun kusa maye irinshi duka. Sau biyu kawai na taɓa ganinshi a layin nan. In ban ɗauke shi ba, shi ke nan, ya tafi."

"Allah sarki," in ji ta. "Rufin ɗakin girki ma ya kusa tafiya. Shi ma a ɗauke shi don tarihi."

Fim ɗin farko da ya kai Funtuwa wurin Zailani mai wanke hoto, abin da ya fito ba ya da suna. Zailani ya ɗaga ɗaya sama, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Malam, wannan jirgi ne ko bargo aka shanya?"

Ya dai ba shi shawara, tunda jirgi ba ya tsayawa ya gyara hula, ya fara koyo da duk abin da ke motsi: mota, keke, ko jaki. In hannunsa ya faɗa, sai ya koma wa jirgi.

Aikin malamin gona yawo ne, yau Pauwa, gobe Damari ta wajen Sabuwa, yana yi wa manoma bayanin takin zamani suna gyaɗa kai suna tunanin abin da ya dame su. Daga ranar, duk inda ya gama bayani sai ya sami gefen hanya ya kafa sandarsa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya yi rubutu a littafi.

A bayan Pauwa akwai wani fako mai tsakuwa wanda ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Nan ya kafa wata Laraba yana jiran motar hatsi ta wuce. Wani manomi da ke komawa gida ya tsaya.

"Malam, mi ake aunawa?"

"Ba awo ba ne. Gwaji nake yi saboda jirgi."

Manomin ya dubi sandar mai ƙafa uku, irin wadda ya taɓa gani wurin safiyo lokacin da aka fitar da hanyar mota. Ya dubi babur ɗin gwamnati. Ya dubi littafin. Ya ce a huta lafiya, ya tafi da sauri.

Kafin ranar kasuwa, babu wanda bai ji ba cewa gwamnati za ta jawo layin dogo ta Ƙanƙara, kuma tashar a fakon Pauwa za a yi ta. Ba wanda ya yi mamaki. Zamani ne da kullum rediyo ke faɗin sabon abin da za a gina, jirgi ɗaya kuwa ai ba komai ba ne.

Ran Alhamis da hantsi fijo ta tsaya ƙofar gidan Malam Nata'ala. Alhaji Gide ne, babban dillalin hatsi na garin, mutumin da shekara shida suna haɗuwa a masallaci bai taɓa riƙe sunansa ba. Yau kuwa har da tambayar lafiyar babur.

"Malam Nata'ala, ashe haka kake da zurfin ciki? Muna zaune da kai muna ce maka malamin taki!"

"Ai malamin takin ne, Alhaji."

Ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ɗauko littafin ya buɗe, ya nuna masa lambobin. Ya ce sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Alhaji Gide ya saurara yana murmushi, idonsa a kan lambobin.

"Wato mutum da iyalinshi, ya ƙona mai, ya tafi daji, ya zauna cikin rana, don ya rubuta lambar jirgin da ba nashi ba."

"Haka ne, Alhaji."

"Kuma ba a biyanshi."

"Ko kwabo."

Alhaji Gide ya bushe da dariya har da dukan cinya. Ya matso ya rage murya. "Na gane. An rantsar da ku. Wallahi ka burge ni, haka ake son ma'aikaci. Kar ka ce komai."

Ya tafi ya bar buhun shinkafa a zaure. Bayan sati biyu ya sayi fakon Pauwa daga hannun magada, waɗanda suka yi ta shi masa albarka a gabansa suna duban juna a bayansa. Aka fara sauke bulo.

Labari ya isa Sabuwa, kuma mutanen Damari suka tuna su ma an kafa sandar nan a bakin rafinsu. Alhaji Rabo na Damari, mai motocin haya biyu da garken shanu, ya zo da kansa, da rago fari a bayan mota. Buƙatarsa ƙarama ce: in ana zana layin, a ɗan lanƙwaso shi kudu.

"Alhaji, ba ni da layi. Ko na shanya ba ni da shi."

"Madalla," in ji Alhaji Rabo. "A dai duba."

Washegari Malam Nata'ala ya ɗaure ragon a bayan babur ya mayar da shi har Damari, ya iso gida ƙugunsa na ciwo. Kwana uku sai ga ragon ya dawo, tare da wani da ya fi shi ƙiba, da saƙon ban haƙuri cewa ba a san matsayinsa ya kai haka ba.

Hajaratu ta zuba musu dusa ta koma gefe.

"Malam, ka ƙara maida su. Ina jin in ka yi sau uku, sa za a kawo."

Abin ya daina ba shi dariya ranar da ya bi ta Pauwa ya ga shaguna takwas sun kai linta, ga allo an kafa an rubuta Otal ɗin Tasha da jan fenti. A wurin taron taki kuma babu mai tambayar taki. Wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce shi dai gonarsa in jirgi zai bi ta ciki, a bari ya cire gero.

Sai ya yanke shawarar da yake ganin za ta kashe maganar. Zai ɗauki Alhazan biyu ya kai su su ga aikin da idonsu.

Ranar Asabar suka tafi a fijon Alhaji Gide. Kowannensu ya sha babbar riga mai aiki, don a zatonsu manya za a gana da su. Hanya ta ƙare, suka taka da ƙafa cikin ƙaiƙayi da ƙarangiya har gindin wani dutse a ƙasar Faskari, inda layin ya yi kwana. Malam Nata'ala ya kafa sandarsa, ya saita, ya zauna a ƙasa.

"Yanzu sai mi?" in ji Alhaji Rabo.

"Sai jira."

"Wa ake jira?"

"Jirgi."

Suka jira. Inuwar dutsen ta janye ta bar su. Alhaji Gide ya cire malum-malum ya yi rumfa da ita, ya mayar da ita jikinsa da ya tuna manya na iya isowa. Alhaji Rabo ya tsince ƙarangiyar wandonsa ɗaya bayan ɗaya, da ta ƙare ya fara ta rigar Alhaji Gide, har ya tuna ba sa shiri. Suka yi azahar da ruwan buta ɗaya. Wata mata mai tallar nono ta wuce, ta dube su su uku, ta ƙara sauri.

Malam Nata'ala kuwa ransa fari ƙal. Ga shi dai suna gani: babu manya, babu awo, babu komai sai rana da ƙuda.

"Kun gani ko, Alhaji? Wannan shi ne duk abin."

Alhaji Gide ya share zufa ya dubi Alhaji Rabo. "Ka ga wahalar da suke sha a kanmu, mu muna gida ba mu sani ba."

La'asar ta kusa sai ƙarfen layin ya fara wata 'yar ƙara. Can nesa aka ji kuka mai tsawo, ba irin na mai dizal ba. Malam Nata'ala ya miƙe zumbur. Baƙin hayaƙi ya taso ta saman itatuwa, dunƙule-dunƙule. Shi ne. Tsohon kan nan mai cin kwal, yana jan taragun kaya, yana huci kamar mai hawan tudu da buhu.

Ya manna ido a kyamara. Wata biyar yana koyo a kan jakuna saboda wannan lokaci. Haske daidai, kwana daidai. Ya ƙirga a zuci, ya bari kan ya cika gilashi, ya danna.

A daidai nan gilashin ya cika da shuɗi da fari. Alhazan biyu, da suka ga za a ɗauki hoton aikin gwamnati, sun tsallako gaban kyamara kafaɗa da kafaɗa, kowa ya gyara hula ya ƙame.

Kafin ya murɗa fim ya ture sandar gefe, kan ya shige bayan dutse. Taragu suka yi ta wucewa, ƙwanƙwaram, ƙwanƙwaram, har na ƙarshe.

"Ya fito?" in ji Alhaji Rabo. "Ina jin na ƙifta."

Malam Nata'ala ya naɗe sandarsa fuska a murtuke, a haka suka iso Ƙanƙara. Alhazan suka ɗauka nauyin aiki ne, suka yi ta yi masa sannu.

Hoton ya fito, kuma duk cikin hotunan da ya taɓa ɗauka babu mai kyansa. Ana iya ƙirga zaren aikin rigar Alhaji Gide. Tsakanin hulunan biyu akwai wani ɗan baƙin abu kamar kan tabarya, da hayaƙi a samansa. Abin da ya samu ke nan na tsohon kan jirgin. Ya koma gindin dutsen Asabar goma sha ɗaya a jere, masu dizal kaɗai suka wuce. Daga baya wani mai gyaran layi ya gaya masa an daina fito da shi.

Alhaji Gide ya sa aka faɗaɗa hoton aka sa shi a gilashi, ya rataye a Otal ɗin Tasha. Alhaji Rabo ya rataye nasa a zaure. Duk mai shakkar zuwan jirgi sai a kai shi ya gani: ga Alhaji, ga hayaƙi.

Damina biyu ta wuce. Jirgi bai zo Pauwa ba, bai zo Damari ba. A Ƙanƙara aka ce ragunan Alhaji Rabo ne suka karkatar da layin. A Damari aka ce shinkafar Alhaji Gide ce. Kowane ɓangare ya ƙara girmama Malam Nata'ala, mutumin da ya ci nan ya ci can kuma har yau ba a ji bakinsa ba. Shaguna takwas ɗin, biyu aka zuba dawa, sauran awaki suka samu. Direbobin haya suka fara tsayawa wurin saboda inuwa, har wata mata Talatu ta kafa tukunyar dambu. Kwandastoci suna kiran wurin Tashar Jirgi, kuma lokaci-lokaci baƙo yakan sauka da akwatinsa ya tambayi ƙarfe nawa yake isowa.

Wata ranar kasuwa Malam Nata'ala ya tsaya Tashar Jirgin shan ruwa, babur ɗinsa ɗauke da buhun irin auduga. Alhaji Gide ya hango shi, ya taso ya ja shi bayan shagunan, ya waiga hagu da dama.

"Ni ban ce ka gaya mani rana ba. Ko shekara goma ce muna nan. Abu ɗaya kawai. Zan gina ban-ɗakin fasinjoji, ban son in sa shi inda layi za ya bi. Ta gabas za ya wuce ko ta yamma?"

Malam Nata'ala ya buɗe baki zai fara bayanin da ya yi sau ɗari. Ya dubi fuskar Alhaji, ya dubi awakin da ke leƙowa ta tagar otal. Ya ji gajiya ta sauko masa har tafin ƙafa.

"Ta gabas, Alhaji."

Alhaji Gide ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza, idonsa har ya kawo ruwa. Sannan ya juya ya ƙwala wa magina kira, ya ce su kwashe bulon su koma yamma.