Waken da Aka Hana Ruwa

Shekara tara Malama tana koyar da kimiyya a aji uku, kuma duk abu ɗaya take yi: ta rubuta a allo, yara su maimaita da ƙarfi, su kwafa, su manta. A shekara ta goma ta ce ta gaji. Ta sa yara suka tattaro robobin ruwa da aka shanye, ta yanke musu kai da almakashi, aka cika su da ƙasa, aka shuka wake.

Ba ta gaya musu abin da tsiro ke buƙata ba, cewa ta yi su gano da kansu. Da waken ya fito, sai aka raba robobin kashi uku. Huɗu a bakin taga ana ba su ruwa, huɗu a gefensu an liƙa musu takarda BABU RUWA, sauran huɗun kuma aka rufe su cikin kabad ɗin littattafai. Kullum da safe yara su auna da rula, su zana abin da suka gani.

Akwai wata yarinya a bencin gaba da 'yan ajin ke kira Me-ya-sa, don bakinta ba ya hutawa da tambaya. Ita ta fara lura cewa na kabad sun fi na taga tsawo, sai dai sun yi fari fat, sirara kamar zare.

"Malama, me ya sa marasa lafiyar suka fi tsawo?"

"Ke me kike gani?"

Kwana biyu yarinyar tana juya maganar, sannan ta dawo ta ce, "Hanyar fita suke nema." A ranar nan Malama ta koma gida tana murmushi ita kaɗai a cikin bas.

A mako na huɗu Hedimasta ya leƙo ya ce mai duba makarantu zai zo ran Litinin. Ya kalli busassun robobin, ya buɗe kabad, ya yatsina fuska.

"Malama, wannan aji ne ko asibitin ganye?"

"Ranka ya daɗe, da gangan muka yi. Ai su ne darasin."

"To, to, na ji."

Ashe bai ji ba. Ran Litinin ta buɗe aji ta tarar da robobin nan takwas na marasa lafiya duk sun yi kore shar. A ƙarshen mako Hedimasta ya sa an tumɓuke na yara, an dasa lafiyayyu daga lambun gidansa. Ko takardun ba a cire ba. Kafin ta gama haɗiye mamaki, ga baƙo a bakin ƙofa, Hedimasta na biye da shi yana washe baki.

Mai dubawar dattijo ne mai tabarau, ba mugun mutum ba. Ya yaba da kyan ajin, sannan ya juya ga yara.

"Wa zai gaya mini, shin tsiro na buƙatar ruwa?"

Idanu arba'in da wani abu suka koma kan taga. Mako huɗu ana koya musu su faɗi abin da idonsu ya gani. Me-ya-sa ta miƙe.

"Ran Juma'a yana buƙata. Yau kuma ba ya buƙata."

Dattijon ya sauke tabarau ya kalli Malama. "Ko za ki yi mini bayani?"

Maganar tana kan harshenta. Amma ta bayan kafaɗar baƙon Hedimasta ya kafe ta da ido, shi da takardar ƙarin girmanta ke kwance a teburinsa tun bara tana jiran sa hannu.

"Yara ne, yallaɓai," ta ce. "Ta rikice ne."

Ajin ya fashe da dariya. Yarinyar ba ta zauna da wuri ba. Ta tsaya tana kallon Malama har sai da ta kusa da ita ta ja mata riga.

Da aka tashi Me-ya-sa ta tsaya a bakin ƙofa, littafin awonta a hannu.

"Malama, kin san ba namu ba ne."

"Je ki gida, kar mamanki ta neme ki."

Rahoto ya zo bayan mako biyu. An yaba wa makarantar kan tsafta da shuke-shuke, an kuma ce 'yan aji uku ba su san tushen darasi ba, malamarsu ta koma bin littafi. Hedimasta ya karanta mata da kansa, har da tausaya mata. Robobin aka jera su a gaban ofishinsa. Takardar ƙarin girman kuwa tana nan inda take.

Malama ta koma allo. Yara suka maimaita, suka kwafa. A jarrabawar ƙarshen zango yarinyar ce ta zo ta ɗaya, ta rubuta komai yadda yake a littafi, ko waƙafi ba ta sauya ba.

Ranar karɓar sakamako babanta ya zo, wani direban babbar mota mai fara'a, ya riƙe hularsa a hannu yana ta godiya.

"Malama, ban san me kika yi mata ba, amma kin gyara mana ita. A da ko abinci ba ma ci cikin kwanciyar hankali. Yanzu kuwa shiru, ba ta damun kowa."

"Ƙoƙarinta ne," in ji Malama.

Ta miƙa masa katin, ta kira na gaba.