Bulo Biyu da Suka Ɓata

Tana cire zanen da ta lulluɓe talabijin da shi, ƙura ta tashi. Wata huɗu ke nan ba a kunna shi ba, tun ranar da aka fita da gawar mijinta.

"Umma, in ba ki so a bari," in ji 'yarta.

"Kunna. Yau za su gama shirin."

Ƙanin mijin, wanda yake tuƙa motar haya, ya shigo yana share zufa. Ya nufi kujerar roba mai karyayyen hannu, sai ya tuna ta marigayin ce, ya koma ya zauna a tabarma.

"Yaya, wai har yanzu kina sa rai? Shekara bakwai suna jan mu kamar akuya. Likita ɗaya ya ɓace a ɗakin da ke kulle ta ciki, sun kasa faɗa mana ta ina ya fita. Sun kawo tagwaye, sun kawo mahaukaciya, sun kashe direba sun tashe shi."

"Direban ne ya yi maka ciwo, Baffa," in ji yarinyar.

"To ba ɗan'uwana ba ne?"

Matar ba ta yi dariya ba. Mijinta magini ne. Tun shekarar farko yake durƙusawa gaban akwatin nan, da siminti a farcensa, yana dangwala gilashin da yatsa.

"Dubi nan. Daga waje, taga zuwa kusurwa, bulo takwas. In sun shiga ciki bai wuce shida ba. Ina biyu suka tafi? Akwai hanya a cikin bangon nan."

Kowa ya yi masa dariya, ita ce kan gaba. Shirin ya yi ta lalacewa, maƙwabta suka daina zuwa kallo, shi yana nan yana ƙirga. Har a gadon asibiti, da robar iska a hancinsa, ya ce mata, "In sun fasa bangon ki duba min." Ta ce, "Kai dai komai gini ne a wurinka. Sha maganinka." Maganar da suka yi ta ƙarshe ke nan. Abin da ya hana ta barci ke nan wata huɗu.

Aka fara. Rabin awa ana kuka ana tuna baya. Baffa ya yi tsaki ya fi sau goma.

"Saura minti biyar, wallahi ba za su faɗa ba."

Sai aka nuna tsohon ɗan sandan, wanda ya yi furfura a kan binciken nan. An sayar da gidan da likitan ya ɓace a ciki, an kwashe kaya, ya zo shi kaɗai. Ya tsaya a waje yana kallon bangon. Ya ɗaga yatsa.

Matar ta sauko daga kan gado ba ta sani ba. Ta durƙusa daidai inda mijinta yake durƙusawa.

"Ɗaya," ta ce. "Biyu."

Yatsan mutumin yana tafiya, bakinta yana bin sa, har takwas. Ya shiga ɗakin. Ba kiɗa, ba magana. Ya auna da taku daga taga zuwa kusurwa, ya tsaya, ya sake aunawa. Sannan ya ƙwanƙwasa bangon sau biyu. Ya yi ƙara irin ta tulun da ba ruwa.

Hoton ya ɗauke. Sunaye suka fara hawa.

"Shi ke nan?" Baffa ya miƙe. "Shekara bakwai, a ƙare da buga bango? Ina likitan? 'Yan damfara!"

Ita tana nan durƙushe. Wasu mutane da ba su taɓa jin sunan mijinta ba, a wani wuri mai nisa, sun ɓoye bulo biyu tun ranar farko. Dubban idanu suka wuce ta kai, sai na mutumin da take wanke wa riga.

"Umma, lafiya? Me kika gani?"

Ta juya wajen kujerar mai karyayyen hannu, ta share fuska da gefen mayafi.

"Na duba maka," ta ce. "Takwas ne."