Furar Inno Bayan Tiyata

Tun da aka yanke wa mijina Munzali fiye da rabin tumbinsa a Katsina, Juma'a ta zame mini ranar fargaba. Gyambon ciki ne ya fashe masa yana tsaka da gyaran injin ban ruwa a bakin dam ɗin Zobe, aka kwashe shi ranga-ranga. Allah ya yi da sauran kwana. Aka ɗinke abin da ya rage, aka haɗa shi da hanji, muka dawo Dutsin-Ma da mutum kamar sanda.

Kafin sallama likita ta zaunar da mu. Ta ce cikin da ya sani da ba shi ne wannan ba. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjin kowa suna taya shi narka abinci, to aikin da magungunan sun hargitsa nasa, sai a hankali za su sake zama. Ta ce ya ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Abu mai zaƙi da ruwa-ruwa kuwa ya yi nesa da shi, don zai zarce hanji kai tsaye, sukarin jininsa ya haura, sannan ya faɗo ƙasa warwas. Munzali ya yi ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

A gida ya bi doka. Matsalar tana Kurfi, inda mahaifiyarsa Inno take.

Munzali ɗan farinta ne, ita kuma irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta tambayarsa lafiya. "Mutumin nan" take ce masa, shi ma ta bakin wani. Ko da yana kwance a asibiti ba ta je ba, ƙanwarsa Batula ta ce mini dai kwanakin nan tuwo bai wuce maƙogwaron Inno ba. Abu ɗaya ne tsakaninsu. Duk Juma'a in mun je gaisuwa, da hannunta take dama fura cikin wata ƙatuwar ƙwarya, ta zuba sukari ba tausayi, ta aiko masa zaure. In ƙwaryar ta dawo wayam, ta san ɗanta yana nan lafiya. Shi kuwa ya hana kowa gaya mata gaskiya, cewa aka yi an ɗan wanke masa ciki.

Saboda haka yake shanyewa. Ni kuma nake ganin sakamakon a hanya, a bayansa kan babur. Ba ma nisa da Kurfi zufa za ta jiƙa masa riga, in ji bugun zuciyarsa ta bayansa, cikinsa na ƙugi. Sai ya faka ya ruga bayan bishiyar geza, ya dawo a galabaice. Mu ƙara gaba kaɗan, jiri ya ɗebe shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ya zubar a bayan zaure, na ce ni zan shanye masa. Ya ce furar Inno ba a zubar da ita, ba a kuma bayar da ita. Taurin kai dai a jininsu yake.

Ran nan babur ya yi ta tangaɗi da mu har wata motar itace ta wuce mu da kamu ɗaya, direban yana zagi. Muka gangara cikin gonar mutane. Na zauna kan kunyar gona ina kallon mijina kwance, leɓɓansa sun yi fari, na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ƙofar ɗakin tiyata. Haushi kuma ya cika ni, nasa da na uwarsa da na kaina.

Duk makon ban samu sukuni ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in mance gishiri. Ni ma ai suruka ce, ban taɓa ɗaga ido na kalli Inno ba, balle in ce mata abin hannunta na cutar da ɗanta.

Juma'a ta zagayo. Na bar shi a zaure na shige ciki, na tarar ta riga ta farfasa curin fura, ludayi a hannu, robar sukari a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, na ƙi tashi.

"Mardiya, lahiya?" in ji ta.

"Inno, ki gafarce ni. Ba wanke ciki aka yi mishi ba, yanke shi aka yi. Hurar nan in ya sha, a hanya yake faɗuwa. Waccan Juma'ar saura kaɗan mota ta bi ta kanmu."

Ludayin ya tsaya. Na ci gaba da zuba kamar an kunna ni, na faɗi na likita duka, har da ƙwayoyin hanjin da suka watse, da cewa ɗan kindirmo marar sukari ne kawai aka ce ya gwada. Ba ta dube ni ba. Ƙofar zauren ta ƙura wa ido, har na fara nadamar buɗe baki.

"Kuma yana shanyewa," ta ce, ba da ni take ba. Can ta juyo. "Mi suka bar mishi na cikin?"

Na dunƙule hannuna na nuna mata.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana sauke kwanuka daga kan jere, ta daɗe. Ta fito da wani ɗan ƙoƙo da ya yi baƙi don tsufa, ta gwada shi da dunƙulen hannuna, ta ɗauraye. Ta ɗebo kindirmo daga ƙwaryar nonon da ya yi barci tun jiya, ta marmasa fura kamar ƙwayar goro a ciki. Robar sukarin ta ture ta da ƙafa.

Na kai masa. Ya kalli ƙoƙon, ya kalle ni, ya gane abin da na aikata. Na shirya wa faɗa, amma sai ya kai ƙoƙon baki. Ya sha a hankali, idonsa ya cika da ruwa, ya juya mini ƙeya.

Inno ta hana mu tafiya. Ta jawo tabarma ta zauna jikin bangon zauren ta ciki, inda ba ta taɓa zama ba, tana tsince wake tana kasa kunne. La'asar ta yi, ba zufa, ba gudu bayan gida.

Da na je sallama ta miƙo mini mayafina ba tare da ta ɗago ba.

"Ki ce ma mutumin nan shi riƙa zuwa ran Talata ma," ta ce. "Tun da kaɗan cikin ke ɗauka, sai a ƙara ranakun."