Mai Rubutu da Fensir

Tela yana laluben almakashi a ƙarƙashin tarin yadi sai hannunsa ya ci karo da wani littafi. A bangonsa an zana wani jirgi mai kama da kwalba yana ratsa taurari. Ya san na Auta ne, 'yarsa da kan biyo ta shago in ta taso daga kwaleji. Har zai ajiye, sai ya ga rubutun fensir a gefen shafi, karkatacce, kuma ba hannunta ba ne.

"Kada ki yarda da na'urar nan, ƙarya take yi wa matuƙin. Ki kai shafi na casa'in, sai mu yi magana."

Ya ƙara buɗawa. "Nan wurin ya tuna mini da ke." A shafin ƙarshe kuma: "Laraba, ƙarfe biyu, inda muka saba."

Ranar kuwa Laraba ce. Ya ɗauki waya ya kira matarsa.

"Wa ke ba Auta littattafai?"

"Ba kai ke cewa ta dage da karatu ba?"

"Wannan ba na makaranta ba ne. Wani ne ke rubuta mata saƙo a ciki."

Ta ce, "Ka bar yarinyar nan ta sha iska." Ta kashe wayar.

Wato har da ita aka haɗa baki.

Ƙarfe ɗaya da rabi Auta ta shigo, ta gaishe shi, ta zare littafin ta jefa a jaka.

"Baba, zan je wurin karatu. Ba zan daɗe ba."

"Allah ya tsare," ya ce, idonsa a kan keken ɗinki.

Tana shiga bas ya ja ƙofar shagon, ya tsayar da mai babur ya ce ya bi motar can. A hanya babu wanda bai zarga ba: malamin kwalejinsu, ɗan maƙwabci mai yawan turare, har mai sayar da tsofaffin littattafai na bakin tasha. Da ta sauka a ƙofar babban asibiti, ya ce a ransa, to, likita ne ke nan. Ya bi ta daga nesa, ta wuce ɗakin magani, ta hau bene, ta tura wata ƙofa da aka rubuta wa ɗakin wankin ƙoda.

Ya tsaya a bakin ƙofar ya leƙa. Gadaje shida ne, kowane da na'ura a gefensa, jini na bin siraran robobi yana fita yana dawowa. Marasa lafiyar kuwa gardama suke yi.

"Ni littafin da ƙarfe ke magana ba ya shiga kaina," in ji wata dattijuwa mai tabarau. "Ku ba ni wanda ake rigimar gida, in san mutanen."

"Haba Malama," wani mai kauri ya amsa daga gadon da ke kusa da taga, "ke da na'ura ke wanke miki jini sau biyu a mako, ke ce ba kya son labarin na'ura?"

"Ita wannan ai ba ta da surutu."

Aka yi dariya. Sai wata murya daga gadon ƙarshe ta ce, "Ku bari 'yata ta faɗi nata. Kin kai shafi na casa'in?"

Auta ta ce, "Na kai, Baffa. Amma ban yarda ƙarya ta yi ba. Ɓoye masa ta yi don kada ya karaya."

Tela ya gane muryar. Yayansa ne. Shekara shida ke nan rabon da su yi magana, tun wata kalma da ta shiga tsakaninsu ranar rasuwar mahaifiyarsu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannunsa na dama na ɗaure da allurai, fensir kuma na hannun hagu.

Auta ce ta fara hango shi. Ta miƙe, littafin ya zame daga cinyarta.

"Baba, shi ya ce kada a gaya maka."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

Yayan ya dube shi tun daga hula har takalmi, da igiyar awon ɗinki rataye a wuyansa wanda ya manta bai cire ba.

"Biyo ta ka yi," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Biyo ta na yi."

"Ka karanta littafin?"

"Rubutun gefe kawai na karanta."

"To ka karanta abin da ya fi daɗi a cikinsa."

Dattijuwar ta gyara tabarau. "Wane ne wannan kuma?"

Yayan ya daɗe yana juya fensirin a hannu.

"Ƙanena ne," ya ce. "Ba ya karatu, amma ya iya gardama. Zai yi mana amfani."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mai ziyara ɗaya aka yarda wa kowane gado, dole ɗaya ya fita. Tela ya sunkuya ya ɗauki littafin daga ƙasa, ya kaɗe shi a jikin rigarsa.

"Je ki gida, Auta," ya ce. Ya jawo kujerar ya zauna. "Yaya, daga ina ake farawa?"