Ranar da Malam Alu Ya Yage Leda

Ranar Talata, takwas ga watan Satumba na shekarar 1992, shekara guda ke nan da 'yan kwanaki bayan an yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Malam Alu, malamin dabbobi na Jega, yana ƙofar gidansa yana ta buga wa tsohon babur ɗinsa kik, babur kuwa ya ƙi tashi. A farkon daminar nan an raba wa malaman dabbobi na shiyyar sababbin babura goma sha ɗaya, uku suka zo Jega, aka mallaka wa Malam Alu ɗaya. Amma ba shi yake bugawa ba. Sabon yana cikin zaure a jingine, ledar da ya zo da ita daga kamfani tana nan a kan kujerarsa da tankinsa.

A gefe Mu'azu yake tsaye, dogon Bafulatani mai sanda, ƙanen Ardo Buba wanda rugarsa ke bayan Mungadi. Motar farko ya biyo daga Maiyama. Harbin daji ne ya shiga garken yayansa, cutar nan ta damina da ke kumbura cinyar maraƙi, ya kwana yana ɗingishi, ya wayi gari a mushe. Uku sun riga sun faɗi.

"Likita," in ji Mu'azu, "Ardo ya ce in gaya maka, in allura za ka kawo, ka zo yau. In ta'aziyya ce, ba sai ka wahala ba, ka aiko ni da ita."

Malam Alu ya san inda maganar ta dosa. A shekarar 1983, da annobar bushiya ta share shanun Arewa, wannan tsohon babur ɗin ne ya mutu masa a tsakiyar ƙoramar da ke gab da rugar Ardo Buba. Kafin a nemo ƙarti su ɗauke shi, a gasa fulogi da wuta, ƙanƙara ta narke, magani ya lalace. Kafin a samo wani, garken ya koma 'yan tsiraru. Abin da Ardo yake kiwo yanzu, jikokin waɗanda suka tsira ne. Tun daga lokacin yake kiran Malam Alu "likitan fatu", wato mai isowa bayan an feɗe.

Lawali bakanike, wanda garejinsa ke kallon gidan, ya tsallako titi yana goge hannu da tsumma. Ya duƙa, ya zare fulogi, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Tsohuwa ta gaji, Malam. Sai na kwance kafireta. Ka ba ni zuwa la'asar."

"La'asar?" Mu'azu ya buga sanda a ƙasa. "To wancan na zaure fa, na ado ne?"

"A'a, a'a," in ji Lawali da sauri. "Wanga raƙumi? Kak ka soma, Malam. Sabo ne, injin bai buɗe ba. Kuma in wani abu ya karye, ko a Sakkwato ba ka samun kayan gyara nai. Na ce maka ka bari in rage mai tsawo, in sauko da madigadi, ya koma babur na mutane, ka ƙiya."

A ƙasarmu haka aka ɗauki sabon babur a wancan zamani. Ba a cire masa leda sai ta gaji ta faɗi da kanta, don ledar ce shaidar sabunta, kuma ba a kai shi inda ƙaya za ta karce shi. Malam Alu ya bi wannan al'ada sau da ƙafa. Sabon babur, wanda aka ƙera don daji, yana zuwa masallacin Juma'a da taron ofis. Tsohon, wanda aka ƙera don kwalta, shi ke shiga daji. Kuma gaskiya Malam Alu bai so sabon ba. Tsawo gare shi, sai ya ɗage riga kafin ya hau, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa ƙasa. Tayoyinsa masu ƙusoshin roba ne, salansarsa kuma a sama take, kusa da kujera.

Matarsa Gudiya ta leƙo daga soro da tsintsiya a hannu.

"Malam, in ba ka fita da shi ba, ka gaya mini in sani. Kazata ta fara ƙwai ƙarƙashi nai, kada in ɗauke su banza."

Mu'azu ya kau da kai don kada ya yi dariya. Malam Alu ya dubi tsohon babur, ya dubi rana, wadda ta riga ta ɗaga. Ya shiga zaure, ya kori kaza, ya turo sabon waje. Kik ɗaya ya yi, babur ya tashi.

"Ledar dai, Malam," Lawali ya bi shi da murya. "Ka kula da ledar!"

Tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Firjin ofishinsu ya lalace, an kai maganin rigakafin ajiya wani ɗakin shan magani a Aliero, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Jega, don ba ta sami ƙaramar hukumarta ba sai a shekarar 1996. Dole suka fara zuwa can. Aka jera musu kwalaben magani a cikin kula, aka zuba 'yar ƙanƙarar da ta rage, ba ta ma rufe kwalaben ba. Daga nan suka juyo, suka ratsa Jega, suka ɗauki hanyar Maiyama, Mu'azu a baya rungume da kula.

A kan kwalta Malam Alu bai ga abin yabo ba. Tayoyin suna gunji kamar injin niƙa, kujerar siririya ce mai tauri, ga iska tana kaɗa shi saboda tsawo.

"Tsohuwa ta fi shi daɗin zama nesa ba kusa ba," ya ce da ƙarfi don Mu'azu ya ji. "Ita kamar kana kan katifa."

"Katifar tana gida tana barci," in ji Mu'azu.

A Maiyama suka bar kwalta. Hanyar Mungadi ta ratsa tsakanin gonakin gero da ya fitar da kai, ruwan kwana biyu ya cinye ta, ko'ina ramuka. Malam Alu ya rage gudu, ya cije haƙora yana jiran bugun da ya saba ji a ƙugunsa duk lokacin da tsohuwa ta faɗa rami. Bugun bai zo ba. Babur ya shiga rami ya fita, kamar an danna matashi. Ya sake gwadawa da wani ramin, da gangan. Haka dai.

Da suka iso yashi, sai ya yi abin da ya yi shekara goma sha biyar yana yi: ya sassauta totur, ya zuro ƙafafu don ya riƙa dogarawa. Amma ƙafafun ba su kai ƙasa ba. Kan babur ya karkata, ya yi hagu, ya yi dama. Mu'azu, wanda zufa ta jiƙa wa wando, ya zame a kan ledar kujera, ya sulale ta baya, ya faɗi zaune a yashi. Kular ta kuɓuce masa, murfinta ya buɗe.

Malam Alu ya yar da babur ya ruga. Ba kwalbar da ta fashe. Sai dai ƙanƙarar ta koma rabi, tana iyo cikin ruwanta.

"Tun Jega nake zamewa," in ji Mu'azu yana karkaɗe jiki. "Kunya ta hana ni faɗi. Wagga leda santsi gare ta kamar bayan tarwaɗa. Ko ni, ko ita, Likita."

Malam Alu ya ɗaga babur. Ya tsaya yana kallon ledar, wadda ya yi wata uku yana goge wa ƙura kowace safiya. Ya sa hannu aljihu, ya zaro 'yar wuƙar da yake yanka igiya da ita, ya tsage ta tun daga tanki har ƙarshen kujera. Ya yage ta gaba ɗaya, ya naɗe kular da ita ninki biyu, ya ɗaure bakin da igiya.

"Hau," ya ce.

Wannan karon bai zuro ƙafa ba, tunda ya ga ba ta da amfani. Ya sa giya ta biyu, ya murɗa totur. Ga mamakinsa, da gudun ya ƙaru sai kan babur ya miƙe, tayar baya ta riƙa haƙar yashi tana watsawa, suka ratsa wurin da tsohuwa kan sa shi sauka ya tura. Wasu mata da ke tafe da itace a ka suka ja gefe suna kallo. Malam Alu, dattijo mai furfura, ya ji dariya ta ƙwace masa.

Sun wuce Mungadi rana tana tsaka, suka iso ƙoramar. Ta cika ta kawo, ruwa ja yana gudu. Ita ce dai ta shekarar bushiya, har itacen ƙiryar da ya jingina tsohuwa a jikinsa ran nan yana nan. Daga ƙetare ana hango bukkokin ruga da fararen shanu.

"Bari in koma Mungadi in nemo ƙarti su ɗauke shi," in ji Mu'azu.

"Kowa na gona. Kafin ka tara mutum huɗu, abin da ke cikin kula ya zama ruwan shayi."

"To mu bar shi nan mu ƙetare da ƙafa."

Malam Alu ya dubi ƙetaren ruwa. Hakan zai yiwu, amma shanun Ardo kashi biyu ne, rabi a ruga, rabi a wani mashekari, wato sansanin kiwo, can gaba, tafiya mai nisa ga mai ƙafa. In babur bai ƙetare ba, rabin garke ne kawai zai sami allura da sauran sanyinta.

"Ba ni sandarka," ya ce.

Ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana dogarawa, ya taka har tsakiya. Ƙasan tsakuwa ce, ba laka ba. Ya fito, ya riƙe sandar daidai inda ruwa ya tsaya, ya kai ta jikin babur ya gwada. Jiƙar ta wuce inda salansar tsohuwa take nesa. Amma salansar wannan, wadda Lawali ya ce an ɗora ta a sama don rashin hankali, tana sama da jiƙar da kusan tafin hannu.

"Ɗora kula a ka, ka ƙetare da ƙafa," ya ce wa Mu'azu. "In na faɗi, kada ka waiwayo. Ka kai magani."

Ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, ya shiga. Ruwa ya shanye tayar gaba, ya hau injin, tururi ya tashi. A tsakiya igiyar ruwa ta bugi gefen babur, ya ji baya yana zamewa. Duk jikinsa ya ce masa ya saki totur ya diro, kamar yadda ya yi a wancan karon. Bai saki ba. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama, tayar baya ta ciji tsakuwa, babur ya haura gangaren ƙetare yana zubar da ruwa ta ko'ina.

Ardo Buba yana tsaye a bakin ganga, tsoho mai farin gemu, ya harɗe hannu a kan sanda. Ƙarar ce ta fito da shi. Ya dubi babur, ya dubi mahayinsa da laka har gira.

"Wa nike gani haka? Likitan fatu ne?"

"Shi ne, Ardo. Amma yau ban zo sayen fata ba. Sa a kama mini maruƙa."

Da aka kwance ledar aka buɗe kula, akwai sauran ƙanƙara a ƙasa, kwalaben da sanyinsu. Malam Alu ya fara da ƙananan shanu, makiyaya suna kayarwa yana soka allura. Da ya gama da na ruga, ya goya Ardo da kansa, suka bi burtali zuwa mashekari na biyu, tsohon yana riƙe da malafarsa da hannu ɗaya yana salati a kowace kwana. Kafin rana ta yi sanyi an gama. Uwani, matar Ardo, ta kawo fura da kindirmo a ƙwarya.

Ardo ya zagaya babur sau biyu, ya shafa tankin inda ƙaya ta ja masa dogon layi.

"Ka ɓata abinka, Likita."

"Na gani."

"Wancan na da fa?"

"Yana gida. Kada ka zage shi, Ardo, shekara goma sha biyar yana ɗauke da ni. Ya fi wannan taushi, ya fi shi shan mai kaɗan, kuma mutum kan hau shi da babbar riga ba a yi masa dariya ba. Ruwa ne dai ba ya so."

"To, ni da nike bayan ruwa, na san wanda nike so," in ji Ardo. Ya miƙa masa ludayi. "Sha, Likita."

Malam Alu ya lura Ardo bai ƙara "fatu" a bayan sunan ba.

Ya iso Jega kafin magariba. Lawali yana zaune a ƙofar gareji, tsohuwa a gabansa, ya wanke ta fes, ta tashi tana ta kaɗawa. Da ya hango sabon babur, laka ta rufe lamba, ba leda, ga karce a tanki, sai ya miƙe ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Malam, mi ka yi mai?"

"Aiki ya yi, Lawali. Gobe ka duba mini sarƙa. Tsawon kuma ka bar shi yadda yake."

A wannan damina garken Ardo Buba bai sake rasa ko ɗaya ba, in ban da wata karsana da cutar ta riga ta kama kafin su iso. Malam Alu ya yi shekara tara a kan babur ɗin har ya yi ritaya. Tsohuwa kuwa aka shigar da ita zaure, aka jingine ta daidai inda sabon yake a da, Gudiya ta lulluɓe ta da tsohon zane. A ƙarƙashinta kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai.