Muryar Khaulat a Kasuwar Taura

Littafin farko na Khaulat ya fito daga maɗaba'a, amma kwalayensa suka yi ta zama a ɗakinta a Limawa, ba mai tambaya. Malamar firamare ce, kuma labarin da ta rubuta na makiyaya ne, irin gidan da ta tashi.

Ta kai kukanta wurin Hajiya Adama, tsohuwar marubuciya a nan Dutse, wadda ta duba mata rubutun tun kafin a buga.

"Kada ki zauna jiran taron ƙaddamarwa," in ji Hajiya. "Mutanenmu sun fi saurare da kunne. Ki karanta babi ɗaya da bakinki, ki naɗa a waya, ki tura wa jama'a. A ƙarshe ki faɗi inda za a samu littafin."

Khaulat ta ji nauyi, amma ta yi. Ɗaliban jami'ar Kafin Hausa suka fara yaɗa muryar, har wani mai shagon littattafai ya kira ta ya ce a kawo masa.

Ranar kasuwar Taura, mahaifinta Modibbo yana kara wurin shanu sai ya ga dillalai sun kewaye wata waya sun yi tsit. Ya matsa, ya gane muryar. Ya tsaya yana saurare har aka gama.

"Wace ce wannan?" wani ya tambaya.

Modibbo ya gyara tsayuwa, ya jingina da sandarsa.

"'Yata ce," ya ce. "Ku mayar da shi farko, ban ji daga farko ba."