Ruwan da Inna Ta Tafasa

A gidan surukanta ana ce mata 'Yar Boko, kuma ba yabo ba ne. Kimiyya take koyarwa a sakandare. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, ya bar ta da iyayensa da 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Yarinyar ce ta ƙi lafiya. Zawo ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa, har awarwaron hannunta ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi wane ruwa suke sha. Da 'Yar Boko ta ce na rijiyar gida, sai matar ta tambaya ko akwai masai kusa. Akwai. Bara Baba, surukinta, ya gina wa 'yan haya ɗakuna a bayan gida, aka haƙa musu ramin masai jikin katangar da rijiyar take.

Ta durƙusa ta gaya wa Baba. Ya saurare ta yana murmushi, jikarsa a cinyarsa tana jan gemunsa. Ya ce mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar nan, shi ya sha ya tsufa, 'ya'yansa sun sha sun yi gemu, rabin unguwa a nan suke ɗiba. Haƙori ne kawai yake damun amaryarsa, haka yake kiran jikar. Sai ya ɗauki kofinsa na silba ya kai bakinta kamar yadda ya saba, ta kurɓa.

A ɗakinta tafasasshen ruwa 'Yar Boko take ba yarinyar. Amma wa zai tsare yaro a gidan da kowa ke sonsa? Kaka ta ba ta, 'yan haya su ba ta, Baba ya ba ta.

Ta je ɗakin gwaji ta karɓo kwalba a rufe, aka ja mata kunne: kada a ɗauraye, kada a taɓa bakin, a zuba ruwan kamar yadda ya fito daga rijiya. Ta ajiye ta a kan taga, ta shiga yi wa yarinyar wanka. Tana fitowa Inna, uwar mijinta, ta miƙo mata kwalbar a cike, ta ce ta hutar da ita. Har ta ji daɗi, ta ce a ranta yau Inna ta sauko.

Sakamako ya fito tas, babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Baba ya zauna a ƙofar gida yana ba duk mai wucewa labari, cewa boko da kansa ya sara wa rijiyar ubansa. Wani ɗan haya ya tambaye ta ko za ta gwada iskar tsakar gidan ma. A makon nan aka sake ƙara wa yarinyar ruwa a asibiti.

'Yar Boko tana shanya a bayan ɗaki ta jiyo Inna tana yi wa maƙwabciya fahari. Ai ita ta san abin da ta yi. Ta wanke kwalbar da sabulu, ta jefa wa ruwan alif ya kwanta, ta tafasa, ta tace da farin ƙyalle.

"Ruwan gidanmu za a kai gaban baƙi," in ji Inna, "in bar shi ya tafi haka nan ba gyara? Ko yaro za ka aika gidan mutane ai ka wanke masa fuska."

'Yar Boko ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ba mugunta ba ce, wannan ya fi ƙona mata rai. An yi wa ruwa kwalliya don kada a ji kunya, yarinya kuwa tana ƙarewa.

Wannan karon ba ta nemi takarda ba, takarda ana iya musu da ita. Ta karɓo ƙananan kwalabe biyu masu magani a ciki, irin waɗanda ruwa ke yin baƙi in akwai ƙazantar bayan gida. Da hantsi, gida cike, ta zura guga da hannunta ta cika ɗaya. Ta roƙi Inna ta cika ɗayar da ruwanta na tafashe. Ta jera su a kan taga inda kowa zai gani, ta faɗi abin da baƙi yake nufi tun kafin ya bayyana, don kada gobe a ce ƙirƙira ta yi.

Inna ta ce yarinyar nan ba ta da ta-ido. Baba ya ce a bar ta, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Washegari da la'asar kwalbar Inna tana nan garau. Ta rijiya ta koma kamar an zuba tawada, da aka buɗe kuma wari ya kori mai tsayuwa kusa. 'Yan haya suka yi cirko-cirko. Mai tambayar iska ya shige ɗakinsa.

'Yar Boko ba ta jira a ba ta izini ba. Ta kwance igiyar guga ta naɗe a hannu, ta jawo murfin ƙarfen da ya shekara jingine da katanga ta kifa a bakin rijiyar. Sannan ta zo gaban Baba ta durƙusa, igiyar a cinyarta.

"Baba, ku yi haƙuri. A yi wanki da shi, a yi shara. Amma ba mai sha sai an tafasa, har a kashe ramin can a sake gwadawa. In kun ce a buɗe, ku buɗe, ni kuma in ɗauki 'yata mu tafi yau."

"A gidana?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Rijiyar ubana za ki sa wa murfi?"

"Lokacin da ya haƙa ta ba masai a jikinta, Baba."

Inna ta kama haɓa. Yarinyar, da ba ruwanta da zancen manya, ta taho tana tangaɗi ta dafa gwiwar kakanta, ta miƙa hannu ga kofin silba da ke gefensa, wanda aka cika daga randa tun safe.

Baba ya riga ta ɗauka. Ya ɗaga shi sama inda hannunta ba ya kai. Ta fara kuka tana dukan ƙafarsa. Ya dubi baƙar kwalbar a kan taga, ya dubi siririn wuyan jikarsa, sannan ya juya kofin ya tuttular da ruwan a ƙasa.

Bai kalli surukarsa ba. Ya ce wa Inna ta ɗora tukunya, amaryarsa na jin ƙishirwa.

'Yar Boko ta miƙe da igiyar, ta shige ɗakinta da ita.